Jinkirin Amsar Addu'a: Yadda Mumini Yake Jiran Ubangijinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jin roƙon bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa, a cikin sahunmu akwai mutane da yawa da suke ɗauke da roƙo guda shekara da shekaru. Wata ta yi shekara goma a ɗakin miji ba ta taɓa goyo ba. Wani ya gama karatu, takardu na cikin jaka, aiki ya gagara. Wani ɗansa ya tafi biɗa Libiya ko Aljeriya, waya ta daina shiga. Wani yana jinyar tsohuwarsa, an je likita an dawo, jiki sai a hankali. Dukansu suna ɗaga hannu, kuma wata rana Shaiɗan yakan raɗa wa kowanensu cewa: kai fa ba a jin ka. Wannan raɗar ce muke so mu yi bayani a kanta, domin nan ne ƙafar mutane da yawa take zamewa.

Alkawarin amsawa tabbatacce ne

Allah Maɗaukakin Sarki ya umarce mu da mu roƙe shi, ya kuma yi alkawarin amsawa, kamar yadda yake a aya ta 60 cikin Suratu Gafir. A aya ta 186 ta Suratul Baƙara kuma ya sanar da mu kusancinsa ga duk mai kiransa. Saboda haka musulmi ba ya shakkar cewa an ji shi. Abin da ba a sa a hannunmu ba guda biyu ne: lokacin amsawa da siffar amsawa. Roƙo aikin bawa ne, zaɓin lokaci da siffa kuwa na Ubangiji ne.

Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana sakamakon addu'ar musulmi, muddin babu zunubi ko yanke zumunci a cikinta. Ɗayan abu uku ne: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa ladansa zuwa lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonsa. Da sahabbai suka ji haka sai suka ce ashe za su yawaita roƙo, shi kuma ya sanar da su cewa abin da ke wurin Allah ya fi roƙonsu yawa. Ku lura, ya ku ɗalibai: ƙofofi uku ne, amma guda ɗaya kawai idonmu yake gani. Hatsarin motar da bai same ka ba, ba ka san da shi ba balle ka ƙirga shi. Ajiyar lahira kuma sai an je can. To in mutum ya ce ba a amsa masa ba, ƙofa ɗaya ya duba ya yanke hukunci a kan uku.

Gaggawar da take ɓata addu'a

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai yi gaggawa ba. An kuma fassara gaggawar da cewa mutum ya riƙa faɗin ya roƙa ya roƙa bai ga komai ba, daga nan ya gaji ya bar addu'ar. Wannan shi ne abin da malamai suke kira isti'ijali. A nan akwai abin da ya kamata mu bambance. Son a yaye maka damuwa da wuri ba laifi ba ne, haka ma roƙon Allah ya kawo sauƙi cikin gaggawa. Laifin shi ne ka yanka wa Ubangijinka wa'adi, in ya wuce ka yi fushi ka naɗe hannu.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya kwatanta mai yin haka da wanda ya yi shuka yana ba ta ruwa, da ya ga ta jinkirta sai ya watsar da ita. Mu manoma mun fi kowa gane wannan misali. Gero yakan yi kamar wata uku kafin ya nuna, maiwa ta fi shi jimawa a gona, dabino kuwa sai an yi shekaru ana jira. Babu mai hankalin da zai tone ramin shuka bayan kwana biyu don ya ga ko iri yana aiki. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Annabawa ma sun jira

Da jinkiri alamar fushin Allah ne, da bai sami zaɓaɓɓun bayinsa ba. Annabi Zakariyya (AS) ya roƙi ɗa a lokacin da ƙashinsa ya yi rauni, kansa ya cika da furfura, matarsa kuma ba ta haihuwa. A farkon Suratu Maryam za ku ga, tare da duk wannan, abin da ya gabatar a roƙonsa shi ne cewa bai taɓa taɓewa ba wajen kiran Ubangijinsa. Sai aka yi masa bushara da Yahaya.

Annabi Ya'aƙuba (AS) ya rabu da Yusufa yana yaro, bai sake ganinsa ba sai da ya zama mai riƙe da taskokin Masar. Ya yi kuka har idanunsa suka yi fari. Amma kukansa ga Allah ya kai shi, kuma bayan duk waɗannan shekaru shi ne yake gargaɗin 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Daga nan muke fahimtar cewa hawaye ba ya warware haƙuri. Mai warware shi shi ne munana zato ga Ubangiji.

Shi kansa Fiyayyen Halitta (SAW) ya yi wata 16 ko 17 a Madina yana salla yana fuskantar Baitil Maƙdis, alhali zuciyarsa tana son Ka'aba. Yana ɗaga fuskarsa sama yana jira, har aya ta 144 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin juyawa. Annabi Ibrahim (AS) kuwa, lokacin da suke ɗaga ginin Ka'aba shi da Isma'ila, ya roƙi Allah ya aiko manzo daga cikin zuriyarsu. Al'ummu suka shuɗe, ƙarni bayan ƙarni, sannan aka haifi Annabi Muhammadu a Makka. Wanda ya yi roƙon bai ga amsar da idonsa ba, ga mu nan yau muna cin amfaninta. To kai da kake roƙon shiriyar ɗanka, wa ya gaya maka dole sai kana raye za ta zo?

Me ya sa ake jinkirtawa?

Ba mu da ikon cewa roƙon wane an jinkirta shi ne saboda kaza, wannan sanin Allah ne. Amma Alƙur'ani da hadisi sun nuna mana wasu dalilai da kowa zai auna kansa da su.

Na farko, ba mu san alherinmu ba. Aya ta 216 ta Suratul Baƙara ta koya mana cewa mukan ƙi abin da yake alheri gare mu, mukan kuma so abin da yake sharri. Yarinyar da saurayi ya nace sai ita, ko tafiyar da ya sayar da gona dominta, wataƙila hana shi ita ce amsar. Wani jinkirin alheri ne.

Na biyu, jinkiri rahama ce ga bakunanmu. A Suratu Yunus aya ta 11 an sanar da mu cewa da Allah yana gaggauta wa mutane sharri kamar yadda suke gaggawar neman alheri, da tuni an gama da su. Iyayenmu mata, ku duba abin da yake fita daga baki in yaro ya ɓata rai. Da kowace kalma tana kamawa nan take, gida nawa ne zai tsira? Shi ya sa a Sahihu Muslim aka hana mu yi wa kanmu ko 'ya'yanmu ko dukiyarmu mugun baki, kada ya dace da sa'ar amsawa.

Na uku, wani lokaci shingen daga wurinmu yake. Ɗalibai sun san hadisi na 10 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi: matafiyi mai ƙura da birkitaccen gashi, yana ɗaga hannu sama, amma cinsa da shansa da tufarsa duk haram ne, aka nuna nisan a amsa masa. Mai tauye mudu a kasuwa, da mai cin gadon marayu, da wanda ya riƙe bashi yana da halin biya, su fara gyara wannan kafin su yi ƙorafin jinkiri.

Yadda ake jira

Kalmar sabru a Larabci asalinta tsarewa ne. Mai haƙuri shi ne wanda ya tsare zuciyarsa daga fushi da hukuncin Allah, ya tsare harshensa daga ƙorafi, ya tsare gaɓoɓinsa daga abin da aka hana. Ƙafa tana cikin gaɓoɓin nan. Da yawa in jira ya yi tsawo sai ƙafa ta nufi gidan boka ko mai duba, a ce wai za a taimaki addu'a. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Ka je neman biyan buƙata guda, ka dawo ka yi asarar abin da ya fi ta, ga kuɗin akuya da na zakara sun tafi.

Haƙuri kuma ba zaman kashe wando ba ne. Ya'aƙuba da yake jira, ai tura 'ya'yansa ya yi su je cigiya. Nana Maryamu tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza kututturen dabino. Mai neman haihuwa ya je likita, shi da matarsa duka, kada a ɗora wa mace laifi ita kaɗai. Mai neman aiki ya kama sana'ar da ta samu kafin wadda yake so ta zo.

Sannan a nemi lokutan da aka kwaɗaitar da mu: sulusin dare na ƙarshe, cikin sujada, tsakanin kiran salla da iƙama, da sa'ar nan ta ranar Juma'a. A fara da yabon Allah da salati ga Annabi, a yawaita istigfari, a roƙa da zuciyar da take halarce tana sakankancewa da amsa. Addu'ar da baki yake yi zuciya tana kasuwa, ita ma tana buƙatar gyara.

Abu na ƙarshe, mu ji tausayin masu jira. Kada a riƙa yi wa wadda ba ta haihu ba gori a gidan suna, kada a ce wa marar lafiya zunubinsa ne ya kama shi. Annabi Ayyuba (AS) ya daɗe cikin cuta, Allah kuma ya yabe shi da haƙuri, ya kira shi madalla da bawa. Wanda kake wa gori, mai yiwuwa darajarsa ake ɗagawa da kowane dare da ya kwana yana roƙo.

Ya Allah, ka sa mu cikin masu kyautata maka zato. Ka tsarkake cinmu da shanmu, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka dawo da matafiyanmu gida lafiya, ka azurta masu neman zuriya da zuriya tagari. Abin da ka jinkirta mana, ka ba mu haƙurin jiransa, abin da ka hana mu, ka musanya mana da mafi alheri. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.