Wayar Haƙori: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Duk wanda ya saba ratsa Wuse ko Garki da safe, lokacin da 'yan makaranta ke tururuwa, ba zai rasa ganin yaro ko yarinya da siririyar waya a kan haƙora ba. Wannan waya ita ce likitoci ke ɗaurawa domin daidaita haƙoran da suka hau juna, ko suka turo gaba. Ana yin aikin a Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a shekarar 1999, da kuma asibitocin kuɗi da ke cikin birnin Abuja. Ilmin kansa ya daɗe, domin tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya karkasa ire-iren karkacewar haƙora. Mu dai a ƙasar Hausa wushirya ado ce, ba mai kai ta gyara, amma haƙoran da suka cunkushe wani zance ne dabam.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wayar kan zauna a baki shekara ɗaya da rabi zuwa uku, kuma a tsawon wannan lokaci haƙori ya fi kusa da ruɓewa. Ga yadda abin yake. Kowane haƙori ana manna masa ɗan maɓallin ƙarfe, sa'an nan a zura waya ta haɗa su. Gefen kowane maɓalli ya zama lungu, inda guntun abinci ke maƙalewa, wata dauɗa mai yauƙi ta taru. Cikin dauɗar nan akwai ƙwayoyin cuta, waɗanda ke cin sukari su fitar da tsami, tsamin kuwa shi ke zaizaye farin ɓawon haƙori. Abin nan da kakanninmu ke kira tsutsar haƙori, to, wannan ne. Babu wata tsutsa.

Ɓarnar takan fara da farin tabo kamar na alli, kuma tana iya bayyana cikin makonni huɗu kacal. Ba zafi, ba ciwo. Sai ranar da aka cire waya, bayan an kashe maƙudan kuɗi, uwa ta ga haƙoran 'yarta sun miƙe sarai, amma kowanne da zanen tabo kewaye da gurbin maɓalli. Wani tabon yakan dushe, wani kuwa ya zauna ke nan, wani ma ya zama kogo.

A nan ne zaman Abuja ke da nasa sharri. Yaron da ke fitowa daga Kubwa, ko Nyanya, ko Lugbe, yakan bar gida da sassafe, ba ya komowa sai yamma liƙis. Buroshinsa yana gida, shi kuwa yana cikin cunkoson motoci, masu talla suna miƙo biskit da alewa da lemon kwalba ta taga. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, tsamin kan yi aiki na kimanin rabin sa'a ko fiye, kafin yawu ya kashe shi. Saboda haka wanda ya shanye kwalba ɗaya tare da abincin rana, sau ɗaya aka kai wa haƙoransa hari. Wanda ya riƙa kurɓarta daga Berger har Mararaba, bai ba yawunsa sukunin yin aiki ba. Zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Gwamnati ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma a ganinmu naira 10 ba ta taɓa hana yaro abin da ransa ke so ba.

To, mene ne abin yi? A goge baki aƙalla sau biyu a rana, musamman kafin barci, da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid. A karkata buroshi a bi saman maɓallan, a bi ƙasansu, a bi bakin dasashi, ba gaggawa. Idan an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, domin man ya ci gaba da aikinsa. Akwai wani ɗan ƙaramin buroshi mai kama da na wanke kwalba, wanda ke shiga ƙarƙashin waya; ana samunsa a manyan kantunan magani, kuma jakar makaranta ba ta ƙin ɗaukarsa. Inda babu hali, a kurkure baki da ruwa bayan cin abinci.

Asuwaki fa? Amfaninsa ba a musu, amma ba ya kaiwa ƙarƙashin waya, kuma tauna shi na iya ɓamɓare maɓalli. Wanda ya saba da shi sai ya tausasa bakinsa sosai, ya goga a hankali, ya kuma haɗa da buroshi. Haka nan rake, da aya, da ƙuli-ƙuli, da gasasshiyar masara, da goro, sai a yi haƙuri da su tukuna. A watan azumi kuwa, da yake baki kan bushe, yawu ya ragu, gogewar bayan sahur ba abin wasa ba ce.

Likita kan nemi a komo duk bayan mako huɗu zuwa takwas domin ya ɗaure waya. Ranar nan uba ko uwa su shiga tare da yaron, su roƙi likita ya nuna musu gefen maɓallan da idonsu. In an ga tabo da wuri, akwai fuloraid mai ƙarfi da ake shafawa a asibiti. In kuwa dauɗa ta ƙi ƙarewa, likita na iya cire wayar tun aiki bai kammala ba.