Me ke sa salula nauyi? Yadda waya ke rabon ɗan teburin da take da shi

Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako a Yamai, salula ta zama abokiyar ciniki. Da ita ake tura hoton kaya, da ita ake jin farashin Kano ko na Kwatano, da ita ake aika kuɗi. To amma kukan masu ita kusan ɗaya ne: waya ta yi nauyi, ta cije, ko ta rufe abin da ake cikin yi. A yau mun leƙa cikin wayar domin mu ga mai rabon wuri a cikinta, saboda wanda ya san wannan da wuya a sayar masa da abin da bai nema ba.

Tebur daban, sito daban

Kowace waya wurin ajiya biyu gare ta. Na farko shi ne wanda muke kira memwar, inda hotuna da saƙonnin murya da manhajoji ke kwana. Yana da faɗi, kuma ko an kashe waya abin da ke ciki yana nan. Wannan shi ne sito, wato magaza. Na biyu shi ne RAM, wanda ba shi da faɗi amma yana da sauri ƙwarai, kuma da zarar an kashe waya sai ya koma wayam. Wannan shi ne teburin gaban rumfa. Ƙwaƙwalwar waya ba ta aiki sai da abin da ke bisa tebur, kamar yadda mai atamfa ba ta auna wa mai saye turmin da ke kulle a sito sai an ɗauko shi.

Mai rabon wannan teburi shi ne wani ɓangare na tsarin waya da ake kira karnel, wanda za mu iya cewa shi ne sarkin kasuwa. Wayoyin Android da suka cika kasuwanninmu suna aiki da karnel ɗin Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Wayar Android ta farko kuwa a 2008 ta fito.

Dabarar sarkin kasuwar nan ita ce, duk manhajar da aka buɗe sai ya ba ta lambobin wuri masu yawan gaske, har ta ɗauka teburin nata ne ita kaɗai. Alhali alkawari ne kawai ya yi mata. Ba ya ba ta wuri na gaske sai lokacin da ta miƙa hannu. Mu kira wannan ajiyar alkawari. Dabarar ta girmi salula nesa ba kusa ba: a jami'ar Mancesta ta ƙasar Ingila aka fara aiki da ita cikin wata babbar kwamfuta mai suna Atlas a 1962. Ban da tattalin wuri, tana da wani amfani babba: tunda kowace manhaja lambobinta daban ne, wasan da yaro ya buɗe ba zai iya leƙa wurin da manhajar aika kuɗi ke aiki ba.

Dila da turmi

Karnel ba ya rabon wuri da ka. Ya yanka teburin gida-gida daidai wa daida, kowane gida ana kiransa shafi. A yawancin wayoyin Android shafi ɗaya bayit 4096 ne, wato kimanin haruffa dubu huɗu na rubutun boko, yayin da iPhone ke aiki da shafin da ya ninka wannan sau huɗu. Wayar da ke da RAM giga 2 tana da irin ƙananan shafukan nan 524,288. Kowace manhaja kuma akwai littafinta da ke nuna lambar alkawari kaza tana daidai da shafi kaza a bisa tebur, ko kuwa kayan ba su iso ba tukuna.

Tunda bin shafuka ɗaya-ɗaya wahala ne, sai aka tara su ƙunshi-ƙunshi. Hoto guda, ko bidiyo, ko jikin manhaja, kowanne dila ce, shafukansa kuwa turamen da ke cikinta. Kowace dila akwai takarda a jikinta da karnel ke rubuta abu uku: waɗanne turame ne ke bisa tebur yanzu, manhajoji nawa ke amfani da ita, kuma ina za a je a ɗauko sauran. Wannan tsari ya yi suna ne da karnel ɗin Mach, wanda Richard Rashid da abokan aikinsa suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1985. Daga can tsarin FreeBSD ya gaje shi, haka ma karnel ɗin da ke cikin iPhone. Linux da nasa sunayen, amma tunanin bai yi nisa da wannan ba.

Dilolin iri biyu ne, kuma a nan maganar take. Akwai mai asali a sito, kamar hoton da aka ajiye. Akwai kuma wadda ba ta da asali ko'ina sai bisa tebur, kamar lissafin da ake cikin bugawa ba a ajiye ba. Idan manhaja ta ƙarshe ta saki dila marar asali, nan take ake kwashe ta a ba wani wurin. Mai asali kuwa akan bar turamenta bisa tebur, ko da za a sake nema.

Idan an nemi abin da ba ya kan tebur

Duk ɗan kasuwa ya san yadda ake yi in mai saye ya tambayi kayan da ba su gaban rumfa: a ce masa ya zauna, a tura yaro sito da gudu. Haka karnel ke yi. Manhaja ta taɓa lambar da babu kaya a kanta, sai a dakatar da ita, a duba takardar dila, a nemi shafin da babu kowa, a ɗauko kayan, a gyara littafi, sannan a ce ta ci gaba. Yaron ma da wayonsa: in an aike shi turmi ɗaya yakan haɗo da na kusa da shi, don ya san za a tambaya. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa ba mu lura.

Akwai kuma tattali ta hanyar tarayya. A Android akwai wata uwa mai suna Zygote da ake haifar manhajoji daga jikinta. Kayan aikin da dukansu ke bukata ba a kwafa wa kowa nasa. Turmi ɗaya ake shimfiɗawa kowa ya kalla. Sai ranar da wata ta ɗauko almakashi za ta yanka, wato za ta canza wani abu a shafin, sannan karnel ya kwafa mata nata ita kaɗai, na sauran ya zauna yadda yake.

Idan tebur ya cika

Nan ne nauyi ke farawa. Karnel yana lura da shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba, su yake fara kawarwa. Wanda ke da asali a sito kuma ba a canza shi ba, ɗage shi kawai ake yi. Wanda aka canza, sai an rubuta shi a sito tukuna. Marar asali kuwa Android kan matse shi ya ƙanƙance, ya cusa shi a wani lungu na teburin da ake kira zram, kamar yadda ake danne kaya a buhu. In duk wannan bai isa ba, sai a fara korar manhajoji, daga wadda aka daɗe ba a leƙa ba. Shi ya sa mutum kan fita daga wata manhaja ya duba WhatsApp, ya dawo ya tarar ta fara daga farko.

Kafin a kai ga kora akwai wani hali da masani Peter Denning ya yi bayaninsa tun 1968: idan kayan da ake bukata a lokaci guda sun fi ƙarfin tebur, sai aikin ya koma kai da kawowa, yaro na ta zirga-zirga tsakanin rumfa da sito, ciniki ya tsaya. Wannan shi ne wayar da ta cije a hannu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da ya shafi aljihunmu

Na farko, in za ku sayi waya ku tambayi lamba biyu: giga nawa ne memwar, giga nawa ne RAM. Giga 64 ko 128 da ake rubutawa da manyan haruffa a kwali girman sito ne, ba shi ke hana nauyi ba.

Na biyu, ku kula da rubutu irin "4+4". A yawancin wayoyin da ke ɗauke da shi, huɗun farko ne tebur na gaske, na biyun wani yanki ne aka ara daga sito. Yana taimakawa wajen rage korar manhajoji, amma ba ya kai saurin na gaske, saboda haka kada ku biya kuɗin takwas a kan huɗu. Haka nan katin memwar da ake sakawa sito yake ƙarawa, ba tebur ba.

Na uku, manhajojin da ke cewa suna share RAM su ƙara wa waya gudu galibi ba su da amfani. Su ma wuri suke ci, kuma abin da suka kora sai an sake ɗauko shi, batir ya ƙara shan wahala. Teburin da babu kaya a kansa ba riba ba ne. Mai ƙaramar waya gara ya nemi manhajoji marasa nauyi irin Facebook Lite, ko wayar Android Go da Google ya fito da tsarinta a 2017 domin masu ƙaramin RAM.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci: lokacin aika kuɗi, ku tanadi lambar mai karɓa da adadin tun kafin ku buɗe manhajar, kada ku riƙa fita kuna dawowa. In ta rufe a tsakiyar aiki, kada ku yi gaggawar sake turawa. Ku jira saƙon tabbaci ko ku duba abin da ya rage, domin mai yiwuwa kuɗin sun riga sun tafi. Masu rubuta bashi da lissafi a waya kuma su riƙa ajiyewa nan take, tunda abin da bai shiga sito ba yana iya bin iska.

Muna fata ƴan kasuwa maza da mata za su riƙe waɗannan tambayoyi a duk lokacin da suka tsaya gaban mai sayar da waya. Magabata sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.