Shirin Anchau: Yadda Yaƙi da Ciwon Barci Ya Zama Gyaran Zaman Jama'a

Duk mai nazarin tarihin kiwon lafiya a ƙasar Hausa ya kamata ya tsaya a kan abin da ya gudana a Anchau, cikin Lardin Zazzau na dā, daga shekarar 1937. A can ne aka gwada kawar da cuta ta hanyar sāke wa mutane mazauni, kuma sakamakon gwajin yana da abin lura ga masu mulki da masu koyarwa gaba ɗaya.

Sai mu fara da ita cutar. Ƙudan tsando ne ke yaɗa ciwon barci. Idan ya ciji mai ɗauke da cutar, ƙwayoyinta sukan yi kamar mako uku suna riƙa a cikinsa, kana ya zuba su a jinin wanda ya ciza daga baya. Irin tsandon da ya dami Zazzau ba ya rayuwa sai a inuwa mai laima, watau kurmin bakin rafi. Da rani, in ruwa ya janye, sai ƙuda da mutane su haɗu a 'yan kududdufan da suka rage, inda ake ɗiban ruwa da wanki.

Bayan zuwan Turawa, da hare-hare suka ƙare, jama'a suka bar garuruwa masu ganuwa suka watsu cikin daji, ga kuma zirga-zirgar jirgin ƙasa da ta 'yan ƙodagon haƙar kuza. Masana da dama sun ɗora yaɗuwar cutar a kan wannan. Tsakanin 1931 da 1940 ma'aikatan ciwon barci sun duba fiye da mutum miliyan 3 a Arewa, suka sami kusan 400,000 da cutar. Amma magani kaɗai bai wadatar ba, gama wanda ya warke rafin jiya zai koma.

Dabarar da ta rage ita ce a sare kurmin, rana ta kori ƙuda. To, amma kurmi yakan sāke toho, tilas a maimaita sara kowace shekara, kuma ƙauyen gida biyar ba shi da hannuwan da za su iya. Saboda haka aka ga sai an tattara jama'a wuri guda. Nan ne maganar lafiya ta zama maganar mulki.

Aka keɓe wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka share rafukansa, aka tashi mutum wajen 5,000 zuwa sababbin ƙauyuka. Kusa da tsohuwar Anchau aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna, aka raɗa masa suna Takalafiya. Aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, aka gyara kasuwa da mahauta. T. A. M. Nash, masanin ƙwari da ya ja ragamar aikin, ya buga rahotonsa cikin 1948. Lalle cutar ta ja baya, kuma shanu sun sami wurin kiwo a inda dā sammore ke hana su zama.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Wani masanin halayyar jama'a Ba'amurke, Horace Miner, ya zauna a Anchau wajen ƙarshen shekarun 1950, ya buga bincikensa cikin 1960. Ya tarar cewa ko da yake an shekara 20 ana sharan rafi, yawancin manoma ba su yarda ƙuda ke kawo cutar ba. Suna fita ne domin hakimi ya umurci dagaci, dagaci ya umurce su. Wasu kurāmen ma ana ɗaukarsu mazaunin iskoki ne, sara a cikinsu kuwa ganganci. Tun farko umurni ya sauko ta hannun sarakuna, amma dalilinsa ya maƙale a hanya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duhun kai ne. Manomi ya sha cizon tsando bai kwanta ba, domin ba kowane ƙuda ke ɗauke da cutar ba, kuma alamunta sukan daɗe ba su bayyana ba. Abin da idonsa ya gani bai gaskata abin da aka gaya masa ba, kuma ba a sami wanda ya zauna ya warware masa da harshensa ba.

Ga abin da za a tsinta. Gyaran da ya dogara da tilas kaɗai, tsawon ransa shi ne tsawon ran mai tilastawar: ran da tsoron hakimi ya gushe, ran nan gatari zai koma rataya, kurmi ya dawo. Wanda ya san dalili kuwa ba ya bukatar dogari a kansa. Don haka malamin da ke horon masu koyar da kiwon lafiya ya lizimci tambayar ɗalibansa dalilin kowace ƙa'ida, kada ya gamsu da sun haddace ta.