Harbin dabbobin ɓarna da zaɓen harsashi

A yammacin Amurka, makiyayi yana da abokan gaba biyu: wata dabba dangin kurege da ke haƙa ramuka a makiyaya tana cinye ciyawa, da wata dangin dila da ke kashe 'yan tumaki. A Ostiraliya kuwa zomo ne annoba, tun da Thomas Austin ya saki guda 24 a gonarsa ta jihar Biktoriya a 1859. A irin waɗannan wurare harbin dabbobin ɓarna ya zama fanni mai zaman kansa, har kamfanoni suka ƙera masa bindigogi da harsasai na musamman.

Bindigogin masu ƙaramin baki ne. Idan aka ce .22, ana nufin kaurin harsashin bai kai rubu'in inci ba, wato kusan milimita 5.6. Tsohon cikin harsasan, .22 Long Rifle, ya fito tun 1887. Ga araha ga ƙarancin ƙara, amma da ya wuce mita 100 sai ya fara sunkuyawa ƙasa. Don haka aka nemi masu gudu. Kamfanin Winchester ya fitar da .220 Swift a 1935, mai gudun da ya haura mita 1,200 a daƙiƙa guda, daga baya Remington ta kawo .222 a 1950. A 2002 Hornady ta zo da .17 HMR, wanda nauyinsa ɗan sama da giram ɗaya ne kawai. Yana tafiya a miƙe, sai dai iska kaɗan ta isa ta kautar da shi.

Sabon shiga yakan tambaya wane harsashi ya fi gudu. Tsohon hannu kuwa abin da ya dame shi shi ne me harsashin zai yi idan ya sami nama, me kuma zai yi idan ya kuskure. Harsashin da aka lulluɓe dalmarsa gaba ɗaya da jan ƙarfe, irin na soja, yakan huda dabba ya fice. Dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahalce, shi kuma ya ci gaba da tafiya, ya daki dutse ya karkata inda ba wanda ya nufa. Shi ya sa maharban wannan fanni suka fi son mai siririyar riga, mai rami ko ɗan tsinin roba a baki, irin V-Max. Wannan yana tarwatsewa da zarar ya taɓa wani abu: dabba ta faɗi nan take, in ma an kuskure ya farfashe a ƙasa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya kamata ya ja zaɓi, musamman kusa da gidaje da garke. Ko ƙaramin .22 ɗin da ake rainawa yana iya kai kilomita 2 idan aka ɗaga bakin bindiga.

Akwai kuma batun bindigar kanta. A cikin bututunta akwai tsaga a murɗe da ke sa harsashi juyawa kamar katantanwar yara, juyin nan ne ke tsayar da shi kan hanya. Bututun da ke ba da juyi ɗaya a inci 12 yana riƙe gajeren harsashi mara nauyi, amma dogo mai nauyi sai mai juyi ɗaya a inci 8 ko kusa da haka, in ba haka ba ya riƙa wuntsilawa a iska. Ko bindigogi biyu 'yan kamfani ɗaya ba lallai su so harsashi iri ɗaya ba, don haka maharbi kan gwada iri-iri a kan takarda kafin ya shiga daji.

Sai dalma. Harsashin da ke tarwatsewa yana barin ɓurɓushinta a mushe, tsuntsaye masu cin mushe su haɗiye. Don ceton wata babbar ungulu da ta kusa ƙarewa, jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma tun Yulin 2019. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai yi mamakin dokar ba. Yanzu kamfanoni suna yin harsasan jan ƙarfe da na kuza, amma da yake sun fi dalma rashin nauyi sukan fi tsawo, sai su buƙaci bututu mai saurin juyi.