SHURIN BINDIGA: GYARA GINDINTA KAFIN TA KARYA KAFAƊA

A ƙasar Gaya, cikin jihar Dosso, ruwan sama ya fi na ko'ina cikin Nijar. Gero da dawa da rogo da rake suna yin albarka a Dallol Mawri da Dallol Foga, shinkafa kuma a bakin kogin Isa. Inda abinci yake, nan maɓarnata suke taruwa: biri da gadu da tsuntsu. Don haka wasu manoma suke ajiye bindiga, su tsorata dabba, ko su yi farauta in sun sami izini.

Amma Bahaushe kalma guda yake da ita: bindiga tana harbi, jaki ma yana harbi. Bindiga kuwa duka biyu take yi. Tana harbi ta gaba, tana shuri ta baya. Manomin da ta goce wa kafaɗa a lokacin girbi, lauje ya gagare shi, damin gero ya gagare shi. Ya je tsaron gona, ya komo ba hannun aiki. Mutane su ce tsautsayi ne. Galibi ba tsautsayi ba ne, gindin bindiga ne bai dace da mai ita ba.

Me ke kawo shurin?

Duk wanda ya taɓa tsalle daga jirgin ruwa a mashigin Gaya ya ga abin. Mutum ya yi gaba, jirgi ya yi baya. Ƙaramin jirgi ya fi ja da baya, babba kuwa da ƙyar yake motsi. Haka bindiga take. Albarushi ya kama wuta, ya tura dalma gaba, ya tura bindiga baya.

Ga lissafi. Harsashin bindiga mai lamba 12 yakan ɗauki dalma giram 32. Dalmar tana fita da gudun wajen mita 400 a daƙiƙa guda. Bindigar da ta kai kilo 3 ta fi dalmar nauyi kusan sau 100. Saboda haka takan komo baya da gudun mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa. Kafaɗa ce ke tare wannan gudu.

Abu biyu ke nan. Bindiga mai nauyi ta fi sauƙin shuri. Harsashi mai dalma kaɗan shi ma ya fi sauƙi. Bindigogi masu baki ɗaya, irin su Simplex ta Faransa da Baikal ta Rasha, ba su da nauyi sosai. Suna da daɗin ɗauka a daji, amma shurinsu ya fi zafi.

A auna gindin bindiga

Masu ƙera bindiga a Turai suna yanka gindinta wajen santimita 36 daga kunama zuwa ƙarshe. Mutane kuwa ba tsawonsu ɗaya ba. In gindin ya yi gajere, babban yatsa ya bugi hanci. In ya yi tsawo, ba ya zama cikin kwarin kafaɗa, sai ya sauka kan damtse, ya bar tabo.

Ga yadda ake gwaji. Da farko a buɗe bindiga, a tabbata ba komai cikinta. A sa gindinta cikin lanƙwasar gwiwar hannu. In yatsa ya kai kunama ba tare da miƙewa ba, tsawon ya kusa daidai. Sa'an nan a ɗora ta a kafaɗa, kunci ya kwanta kan itacen. Tsakanin hanci da babban yatsa a sami wurin yatsu biyu ko uku.

In itacen ya tsage a wuya, kada a ɗaure shi da waya a ci gaba da aiki. Wuyan nan shi ke ɗaukar bugun duka. Ranar da ya ɓalle, ƙarfe ne zai sami fuska. A kai wa masassaƙi ya yi sabo. A zaɓi itace busasshe mai ƙarfi, irin maɗaci ko maɗobiya, wanda ba shi da ƙulli. Jijiyar itacen ta bi tsawon wuyan, kada ta gitta shi. Ƙarshen gindin ya zama mai faɗi, domin faffaɗan gindi yana raba bugu, siriri kuwa yana nutsewa cikin nama. A tuna ba a sare waɗannan itatuwa sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Matashin roba

A shagunan kayan farauta ana sayar da matashin roba da ake ɗaura wa gindin bindiga. Wani da kusoshi ake kafa shi, wani kuma sawa ake yi kamar safa. Matashi ba ya kashe shuri. Aikinsa shi ne ya sa bugun ya iso a hankali, kamar gammo a ƙarƙashin tulu.

Wanda bai samu ba, baduku yana iya yi masa. A nemi roba mai laushi, irin ta gindin silifa, kaurinta santimita 2. Robar tayar mota ta yi tauri, ba ta da amfani a nan. A yanka ta daidai da gindin, a lulluɓe da fata, a ɗinke tam don kada ta zame. Amma a lura: matashi yana ƙara tsawo. In dā gindin daidai yake, sai a rage itacen gwargwadon kaurin robar.

Riƙo da tsayuwa

Kome kyan matashi, ba ya gyara mugun riƙo. Mai tsoro yakan janye bindiga daga jikinsa. Nan ne take samun filin gudu, ta daki ƙashi. A danna ta sosai cikin kwarin kafaɗa. Mai harbi da hannun dama ya sa ƙafar hagu gaba, ya ɗan karkata gaba. Kada a jingina baya da itace ko bango, don jiki ya sami wurin ja da baya. Kada a yi harbi daga kan reshe ko a tsaye cikin jirgi.

Wanda bindiga ta taɓa ji wa ciwo yakan rufe ido kafin ta tashi. Sai ya kuskure, ko ya raunata dabba. Gadun da aka raunata kuwa abin tsoro ne. Ƙarar bindiga kuma tana cin kunne sannu a hankali, a toshe shi.

Harsashi da albarushi

Harsashi mai giram 28 ya fi mai giram 36 sauƙi, ya kuwa isa ga zabo da fakara. A duba lambar da aka buga jikin ƙarfen. Bindigar da aka rubuta wa 70 ba a sa mata dogon harsashi mai 76. Masu bindigar maƙera, harbi-ka-ruga, su daina ƙara albarushi don neman ƙara. Kada kuma a farke harsashin kanti a juye garinsa cikinta. Wannan gari ya fi ƙarfin ƙarfenta, yana fasa ta a hannu.

Abin da doka ta ce

Bindiga sai da takardar izini daga hukuma. Farauta ma sai da tata takarda, bisa doka mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998. Dorina da ayu da giwa da raƙumin dawa, ba a harbinsu. Gandun W, wanda aka keɓe tun 1954, ba a farauta cikinsa. In dorina ta shiga shinkafa, a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji. Gaya bakin iyaka ce, ga Malanbil ta Benin a ƙetaren kogi, ga Kamba ta Nijeriya a gabas. Wanda aka gani da bindiga ba takarda a irin wannan wuri, ya jawo wa kansa da garinsu wahala.

In kafaɗa ta kumbura har hannu ya ƙi ɗaguwa, a tafi likita tun ranar, kada a jira. A gida kuma a ajiye bindiga ba harsashi, nesa da yara. Roba da fata da ladan baduku ba su kai kuɗin magani ba, balle asarar girbin shekara.