Ayarin kamiyo marasa direba: yaya suke bin juna ba tare da karo ba?

Duk wanda ya taɓa ganin ayarin gishiri na Bilma ya san tsarin: madugu a gaba, raƙuma ɗaure da igiya suna biye da shi. Haka injiniyoyi a Turai da Japan suke son yi da manyan motocin kaya, sai dai tasu igiyar ba a ganinta da ido.

Direba yana cikin kamiyon gaba. Na baya kuwa kowanne yana da rada da kamara masu auna tazarar da ke tsakaninsa da wanda yake bi, kwamfuta kuma ta ƙara wuta ko ta rage. Amma babban sirrin shi ne saƙon rediyo: da zarar na gaba ya taka birki, sai ya sanar da sauran, su taka kusan tare.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda, kuma ɗan Adam yakan ɗauki kusan daƙiƙa kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Na'ura ba ta wannan jinkiri, shi ya sa motocin suke iya matsowa kusa da juna. Ribar ita ce na gaba yana tsaga iska, na baya su sha gazuwal kaɗan.

A watan Afrilun 2016, kamfanoni shida, ciki har da Volvo, Scania da MAN, sun kai irin waɗannan ayarori tashar jiragen ruwa ta Rotterdam a Holan, da direba a kowace mota. A Fabrairun 2021, Japan ta gwada kamiyo uku a babbar hanyar Shin-Tomei, biyun baya babu kowa a kujerar direba, tazararsu kimanin mita 9.

Matsaloli dai suna nan. Mota mai nauyin kaya ba ta tsayawa da sauri kamar marar kaya, ƙaramar mota kuma tana iya kutsawa tsakani, dole ayarin ya buɗe. A 2019 kamfanin Daimler ya janye, yana cewa man da ake ragewa bai kai yadda aka zata ba.

Direbobinmu ba su da fargabar rasa aiki gobe, domin fasahar tana son kwalta mai santsi, ba ramuka ba dabbobi. Amma lissafin mita 22 ɗin nan ya shafi duk mai manne wa motar gabansa tsakanin Maradi da Damagaram.