Kafin AI ta shiga wurin gini, a duba littafin foman

Wata uku na yi ina sanin makamar aiki a wani kamfanin gine-gine a nan Ingila, aka ce in gwada manhajar AI mai hasashen jinkirin aiki. Tun 2016 gwamnati ta wajabta tsarin BIM a kwangilolinta, don haka zanen gini tsaf yake a kwamfuta.

Rahoton kullum fa? Rabi a WhatsApp, rabi a littafin foman, kowanne "komai lafiya". Ranar da motar kankare ta makara ma, lafiya. To jama'a, me na'ura za ta koya?

Wani foman ya ce min duk wanda ya rubuta jinkiri, shi ake kira ofis. Na ba da shawarar fom ɗaya a waya, kuma a daina wannan kiran. Fom sun karɓa nan take. Maganar kira kuwa, har na tafi ana taro a kanta.